Wurin da Hoton Ƙwaƙwalwata Bai Nuna Ba

Ni malamin kimiyyar halittu ne a makarantar sakandare, kuma na daɗe ina koyar da darasin ƙwaƙwalwa kafin lokacin da tawa ƙwaƙwalwar ta zama abin dubawa a gaban likitoci. Wannan shaida ce ta mutumin da aka ɗauki hoton aikin ƙwaƙwalwarsa kafin a yi masa tiyata. Na ga ya dace in rubuta ta domin mutane da yawa, har da masu ilimi, sun ɗauka cewa ɗigon ja da rawaya da ake gani a irin waɗannan hotuna tunanin mutum ne na'ura ta kama, alhali abin da take aunawa jini ne. Tsakanin aikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da isowar jinin akwai jerin saƙonnin sinadarai waɗanda ciwo kan iya katsewa. A wurina sun katse, kuma da likitocin sun karɓi hoton yadda ya fito, da wataƙila ba ni da bakin ba da wannan labari.

Ciwon ya faro ne da ɗaukewar magana. Ina tsakiyar bayani sai kalma ta maƙale, ina jin duk abin da ake faɗa, ina sane da abin da nake son cewa, amma baki ya ƙi, gefen dama na leɓena kuma ya riƙa rawa da kansa, kafin minti ɗaya ya cika sai ya sake ni. Haka abin ya yi ta dawowa har ranar da na yanke jiki na faɗi, aka kai ni asibiti. Hoton MRI, na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, ya nuna ƙari a gaban ƙwaƙwalwa ta ɓangaren hagu, irin wanda yake girma a hankali, kuma binciken naman da aka yi bayan tiyata ya tabbatar da cewa ya samo asali ne daga ƙwayoyin da ake kira astirosait. A lokacin ban ba wannan suna muhimmanci ba, sai daga baya na fahimci cewa a kansa dukan matsalar ta rataya.

Likitan ƙwaƙwalwa ya bayyana mini dalilin farfaɗiyar da abin da ni kaina nake koyarwa, sai dai ban taɓa jin sa a jikina ba. A ƙwaƙwalwar ɗan Adam akwai ƙwayoyin niyuron, wato ƙwayoyin da ke aika saƙo, kimanin biliyan 86, kuma galibinsu ba sa miƙa wa juna saƙo kai tsaye. Saƙon lantarki yana bin ƙwaya har ƙarshenta, daga nan ta fesa wani sinadari a cikin ɗan siririn gibin da ke tsakaninta da ta gaba. Babban sinadarin da ke zuga ƙwaya ta yi aiki shi ne gulutamet, babban wanda ke kwantar da ita kuma shi ne GABA, kuma lafiyar ƙwaƙwalwa tana kan daidaiton waɗannan biyun. Irin ƙarin da ke kaina yana ƙara yawan gulutamet a kewayensa, saboda haka ƙwayoyin da ke maƙwabtaka da shi sukan tashi gaba ɗaya ba tare da tsari ba, wannan kuwa shi ne farfaɗiya. Maganin da aka ɗora ni a kai, lebetirasetam, yana aiki ne a kan ƙananan jakunkunan da ke riƙe da waɗannan sinadarai a ƙarshen ƙwaya, yana rage yawan abin da ake fesawa. Faɗuwar ta tsaya, amma ƙarin yana nan, kuma shawarar da aka yanke ita ce a cire shi.

Wurin da yake shi ne abin damuwar. Tun a shekarar 1861 likitan Faransa Paul Broca ya nuna cewa lalacewar wani yanki a gaban ƙwaƙwalwa ta hagu tana hana mutum furta magana, kuma a fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu amfani da hannun dama, irina, harshe, wato sarrafa magana, yana ɓangaren hagu ne. Likitan tiyatar ya gaya mini gaskiya ba tare da kwana-kwana ba: in ya yanka da yawa zai iya raba ni da maganata, in ya yi ƙasa-ƙasa kuma zai bar abin da zai ci gaba da girma. Don haka ya aika ni a ɗauki hoton aikin ƙwaƙwalwa, wanda ake kira fMRI, domin a ga inda harshen yake zaune dangane da iyakar ƙarin.

Na'urar ita ce dai ta MRI da aka saba, mai ƙarfin tesla 3, wato maganaɗisun da ya ninka na duniya kusan sau 60,000. An sa na cire duk wani ƙarfe, aka toshe mini kunnuwa, aka tokare kaina da soso ta kowane gefe, aka rufa mini wani abu mai kama da keji a fuska, wanda yake da ɗan madubi da nake hangen allo ta cikinsa. Ma'aikacin ya ce, "Malam, harafi zai fito a allon. Ka riƙa kawo kalmomin da suka fara da shi a zuciyarka, kada ka motsa baki, kada ka motsa harshe. In harafin ya ɓace ka huta." Dalilin hana furtawa shi ne motsin kai na milimita ɗaya ko biyu ya isa ya gurɓata awon. Haka aka yi ta yi, ɗan lokaci na aiki, ɗan lokaci na hutu, na'urar tana ta ƙara kamar za ta tsaga kunne, sannan aka koma taɓa yatsu da babban yatsa, hannun dama daban, na hagu daban. Ina kwance a ciki na riƙa tambayar kaina ta yaya maganaɗisu zai san cewa na tuna wata kalma, tunda ban furta ba, ban motsa ba. Wannan tambaya ce ta sa na duƙufa karatu a kwanakin jiran sakamako, kuma a nan zan ɗan tsaya, domin in ba a fahimci amsarta ba, ba za a fahimci abin da ya same ni ba.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 cikin ɗari na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita a lokacin hutu, kuma ba ta ajiye wani makamashi na a-zo-a-gani, sai abin da jini ya kawo mata nan take, kimanin mililita 750 a kowane minti. An daɗe da lura cewa wannan jini yana bin aiki. A wajajen 1880 wani masani ɗan Italiya, Angelo Mosso, ya auna bugun jini a ƙwaƙwalwar mutanen da rauni ya bar musu kafa a ƙoƙon kai, ya ga bugun yana ƙaruwa idan an ba su lissafi. A 1890 Charles Roy da Charles Sherrington, a Kambirij ta Ingila, suka kawo ra'ayin cewa abubuwan da ƙwayoyi masu aiki ke fitarwa su ne ke faɗaɗa hanyoyin jinin da ke kusa da su. A wani fagen daban, a 1936, Linus Pauling da Charles Coryell suka gano cewa himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jini, yana sauya halinsa a gaban maganaɗisu: idan yana ɗauke da oksijin kusan ba ya taɓa filin maganaɗisun, idan ya sauke shi kuwa sai ya ɗan dagula shi. Abin da ya haɗa zancen shi ne binciken Peter Fox da Marcus Raichle a Amurka a 1986, inda suka yi amfani da wata na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da ake kira PET suka ga cewa idan wani yanki ya shiga aiki, kwararar jini tana ƙaruwa da kusan kashi 29 cikin ɗari, amma cin oksijin bai ƙaru da fiye da kimanin kashi 5 ba. Ma'ana, jinin da ke zuwa ya fi abin da ake buƙata nesa ba kusa ba, saboda haka a wurin da ake aiki, himogulobin da ya sauke oksijin raguwa yake yi, dagulewar maganaɗisun ta ragu, siginar na'urar kuma ta ɗan ƙaru. Seiji Ogawa ne ya nuna a 1990, a kan ɓeraye, cewa MRI na iya ganin wannan bambanci, kuma a 1992 aka wallafa hotunan farko na mutane da wannan dabara, ba tare da an yi wa kowa allurar komai ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wanda ke kiran jinin. A da an zaci ƙwayoyin ne suke cinye oksijin, ƙarancinsa kuma ya jawo jini. Abin da bincike ya fi ƙarfafawa yanzu shi ne sinadaran saƙon da kansu ne suke yin kiran, tun kafin a shiga ƙaranci. Gulutamet ɗin da aka fesa domin ƙwaya ta gaba, shi ne kuma yake sa kalsiyam ya shiga cikin wasu ƙwayoyin niyuron, su kuma su saki iskar naitirik oksaid, wadda ke ratsawa zuwa bangon hanyar jini ta sassauta tsokar da ke zagaye da ita. Astirosait kuma, waɗanda siffarsu ta tauraro ce, suna da rassa da suka rungumi mahaɗar ƙwayoyin niyuron ta gefe ɗaya, ta ɗaya gefen kuma ƙafafunsu sun lulluɓe kusan dukan bayan ƙananan hanyoyin jini. Idan suka ji gulutamet sai su fitar da nasu sinadaran, irin su purostagilandin da fotasiyam, waɗanda ke sa hanyar ta ƙara faɗi. Masana na ci gaba da muhawara kan rabon da kowane ɗaya daga cikin waɗannan ke da shi, amma ba su saɓa ba a kan cewa niyuron da astirosait da bangon hanyar jini aiki ɗaya suke yi tare.

Daga wannan ne ake gane iyakar hoton. Niyuron tana aika saƙonta a cikin kashi ɗaya bisa dubu na sakan ko kusa da haka, amma jinin ba ya fara ƙaruwa sai bayan sakan ɗaya zuwa biyu, ba ya kai ƙololuwa sai wajen sakan biyar, kuma yakan ɗauki fiye da sakan goma kafin ya koma yadda yake. Sauyin siginar kuma ɗan kaɗan ne, 'yan kaso ƙalilan cikin ɗari, shi ya sa ake maimaita aiki da hutu, a tara, a kwatanta. Kowane ɗigo a hoton yana wakiltar ɗan yankin da ke ɗauke da ƙwayoyi dubban ɗaruruwa. A 2001 Nikos Logothetis da abokan aikinsa a Jamus suka sa wayoyin awo a ƙwaƙwalwar birai a daidai lokacin da ake ɗaukar hoton, suka ga cewa siginar ta fi bin saƙonnin da ke shigowa yanki da sarrafa su a cikinsa, fiye da saƙonnin da yankin ke fitarwa. Har ƙwayoyin da aikinsu hanawa ne da GABA suna iya jawo jini, don haka wurin da ya yi ja ba lallai ne yana zuga wani abu ba, mai yiwuwa dannewa yake yi. Launukan kansu lissafi ne aka shafa wa fenti, kuma lissafin na iya ruɗi: a 2009 wasu masu bincike a Amurka sun sa mataccen kifi a na'urar, suka nuna cewa in ba a yi gyaran lissafin da ya kamata ba, sai a ga ɗigon aiki a kansa. Tun daga lokacin, duk sa'ad da na ga labari yana cewa an gano mazaunin soyayya ko na ƙarya a ƙwaƙwalwa, nakan so in san wane aiki aka kwatanta da wane kafin in gaskata.

Ranar karɓar sakamako na je tare da maiɗakina. Likitar da ke karanta hotuna ta juyo mana da allon, sai muka ga ja da rawaya sun taru a ɓangaren dama, a kishiyar yankin Broca, kewayen ƙarin kuwa fayau, babu ko ɗigo. Na san abin da hakan zai iya nufi, domin ƙari mai girma a hankali yakan ba ƙwaƙwalwa damar mayar da wani aiki zuwa wani wuri. Na ce harshen ya ƙaura ke nan, ana iya cire abin gaba ɗaya. Maiɗakina ta yi hamdala. Likitar ta ce, "Malam, kada mu yi saurin murna. Ka ce maganarka ce ke ɗaukewa in ciwon ya tashi. In harshen ya bar wurin, me ya sa farfaɗiyar da ke tasowa daga nan take hana ka magana?" Na ce, "Likita, to hoton ƙarya ya yi?" Ta ce hoton bai yi ƙarya ba, ya faɗi cewa jini bai ƙaru a wurin ba, kuma iyakar abin da ya sani ke nan. Ko ƙwayoyin wurin ba sa aiki, ko suna aiki amma hanyoyin jinin ba sa amsa kiransu, duka biyun hoto iri ɗaya suke bayarwa. Mai bin sawu idan ya iso fako sai sawun ya ɓace masa, ba don dabbar ba ta bi ta nan ba.

A nan ne sunan astirosait ya dawo mini da ma'anarsa. Ƙwayoyin ƙarin suna bin jikin hanyoyin jini suna yaɗuwa, kuma bincike a kan dabbobi ya nuna cewa sukan kutsa tsakanin hanyar da ƙafafun astirosait masu lafiya, su raba su. Idan haka ta faru, niyuron na iya fesa gulutamet ɗinta yadda ta saba, saƙon magana ya wuce lafiya, amma kiran jinin ya tsaya a hanya.

Gwajin da ta yi don rarrabewa mai sauƙi ne ƙwarai. Aka mayar da ni cikin na'urar, wannan karon babu harafi, sai umarnin in riƙe numfashi na ɗan lokaci, in saki, in sake riƙewa. Riƙe numfashi yana tara iskar kabon dayoksaid a jini, ita kuwa tana faɗaɗa hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa kai tsaye, ko ƙwayoyin wurin suna aiki ko ba sa yi, saboda haka duk inda hanyoyin suke da lafiya dole ya haskaka. Da hoton ya fito, ƙwaƙwalwar ta haskaka ko'ina, sai wani zagaye a kewayen ƙarin da ya zauna dishi-dishi, kuma shi ne daidai wurin da ya yi fayau a gwajin kalmomi. Likitar ta rubuta a rahotonta cewa ba za a dogara da rashin sigina a wannan yanki ba. A ganina wannan layi guda ya fi dukan launukan da ke shafin daraja.

Tunda jini ya kasa ba da shaida, sai aka koma tambayar ƙwayoyin da kansu, wato a yi tiyatar ina farke. Dabarar ta samo asali tun aikin Wilder Penfield a Montiriyal ta Kanada a shekarun 1930, kuma tana yiwuwa ne saboda naman ƙwaƙwalwa ba shi da jijiyoyin jin zafi. An sa ni barci aka buɗe ƙoƙon kai, sannan aka tashe ni ina kwance a gefen dama, kaina a ɗaure, zane ya raba ni da masu aikin. Wata ma'aikaciyar gyaran magana ta zauna a gabana tana nuna mini hotuna ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina faɗin sunayensu, yayin da likitan yake taɓa saman ƙwaƙwalwar da wani ɗan tsinke mai ƙaramin lantarki, wanda ke rikita aikin ɗan wurin da ya taɓa na 'yan sakanni. Na faɗi kujera, na faɗi doki, na faɗi agogo. Sai ta nuna mini hoton mabuɗi. Na gan shi sarai, na san abin da ake yi da shi, na san har ƙarar da yake yi a cikin kwaɗo, amma sunan ya ƙi zuwa, bakina a buɗe. Ta ce, "Ya tsaya." Likitan ya ɗage tsinken, nan take na ce mabuɗi. Ya koma wasu wuraren, ya dawo nan ba tare da ya sanar da ni ba, maganar ta sake tsayawa. Sai ya ɗora wata 'yar takarda mai lamba a wurin, alamar ba za a taɓa shi ba. Daga baya ya nuna mini hoton da suka ɗauka a ɗakin tiyata: takardar tana kan gefen baya na ƙarin, a tsakiyar yankin da fMRI ya nuna babu komai.

Ba zan ce hoton bai yi amfani ba, domin zalunci ne in faɗi haka. Ya nuna yankin motsin hannu daidai inda aka same shi a tiyata, tunda hanyoyin jinin can suna da lafiya, ya taimaka wajen tsara inda za a buɗe, kuma aikin da aka gani a dama na gaske ne, likitocin suna ganin yana cikin abin da ya tallafa mini wajen farfaɗowa. Bayan tiyatar na yi wani lokaci kalmomi suna yi mini nauyi, musamman sunayen abubuwa idan na gaji, saboda kumburin da ke biyo bayan aikin. Da atisayen magana abin ya warware sannu a hankali har na koma aji, Alhamdu lillahi, ko da yake har yanzu ina shan maganin farfaɗiyar.

An cire mafi yawan ƙarin, an bar siririn ɓangaren da harshena ke ciki, kuma shi ake sa wa ido yanzu. Lokaci-lokaci nakan koma na'urar, a yi mini allurar wani sinadari mai ɗauke da gadoliniyam ta jijiyar hannu, a bi yadda yake ratsa ƙwaƙwalwa sakan bayan sakan, domin a lissafa yawan jinin da ke cikin kowane yanki. Tambayar da ake yi wa jinin a wannan karon daban ce: ƙarin da ya fara sauyawa zuwa mai saurin girma yakan tsiro da sababbin hanyoyin jini don ciyar da kansa, kuma ƙaruwar jini a cikinsa na iya bayyana kafin a ga wasu alamun sauyin a hoto na yau da kullum. Zuwa awon da aka yi mini na baya-bayan nan, yawan jinin da ke cikin ragowar bai wuce na naman da ke kishiyarsa a dama ba, kuma likitan ya ce muddin haka yake, za a ci gaba da dubawa kawai, in kuma ya tashi, za a zauna a tattauna batun tiyata ta biyu ko gashi da haske, tare da sabuwar taswirar harshe, tunda mazauninsa na iya matsawa a tsakanin shekarun.